Kiɗan safe a rediyon Birtaniya: an bar jaki ana dukan taiki

Ƙarfe shida da rabi na safe tashar BBC Radio 3 take buɗe shirinta mai suna Breakfast, ta ja shi har tara da rabi. A daidai wannan lokaci Classic FM, tashar 'yan kasuwa, ita ma tana nata. Dukansu kiɗan kilasik suke sawa, wato kiɗan Turai da ake rubutawa a takarda makaɗa su bi, irin na su Bach da Mozart da Beethoven. Masu sauraron wannan kiɗa mutane ne masu kunne, kuma ba su iya shiru ba. Ƙorafinsu a kan shirin safe kusan iri ɗaya ne shekara da shekaru: surutu ya yi yawa, ana gutsuttsura kiɗa, abu ɗaya ake ta maimaitawa, ga karanta saƙonnin mutane ba ƙaƙƙautawa. Duk wannan a kan mai gabatarwa ake sauke shi. Ranar da aka sauya shi kuma sai a shiga kewarsa, ko da shi ake yi wa tsiya jiya.

A ganina yawancin ƙorafin gaskiya ne, sai dai an bar jaki ana dukan taiki. Mai gabatarwa murya ce kawai da ake ji. Tsawon kowane kiɗa, yawan lokutan da za a katse, wane tallan shiri za a cusa a ina, duk furodusa da shugabannin tasha ne ke yanke su tun kafin a kunna makirfo.

Sai an san asalin tashoshin biyu kafin a gane zafin rigimar. Radio 3 ta samo asali daga Third Programme da BBC ta buɗe a 1946 don manyan ayyukan kiɗa da adabi da wasan kwaikwayo, aka sauya mata suna a 1967. Ba ta tallan kaya. Kuɗinta daga lasisin talabijin yake fitowa, wanda aka ɗaga zuwa fam 174.50 a shekara a Afrilun 2025. Classic FM kuwa a watan Satumba na 1992 ta fara aiki, da talla take rayuwa, kuma tun ranar farko ba ta ɓoye manufarta ba: sanannun kiɗa, gajeru, masu daɗin ji, da mai gabatarwa mai fara'a. Ta yi nasara. Masu jin ta a mako sun ninka na Radio 3, wadda ta daɗe tana kewaya wajen mutum miliyan 2. Tun daga nan duk wani sauyi da Radio 3 ta yi wa shirinta na safe sai tsofaffin masu sauraro su ce kwaikwayon maƙwabciya take yi. Har ƙungiya suka kafa, Friends of Radio 3, don sa ido a kan tashar. A 2011, zamanin shugabancin Roger Wright, aka shigo da wani fili mai suna Your Call, inda mai sauraro zai bugo waya ya faɗi kiɗan da yake so da dalilinsa. Aka yi ta cece-kuce har sai da Alan Davey ya karɓi tashar a 2015 aka soke filin. A 2023 kuma sai ga Sam Jackson, wanda ya daɗe yana riƙe da shirye-shiryen Classic FM, an naɗa shi shugaban Radio 3. Masu zargi suka ce to, ai ga shi nan.

Yanzu mu buɗe awa ɗaya ta shirin safe mu ga abin da ke ciki. Lissafin misali ne, amma kowane furodusa zai gane shi. Minti 60 ne a hannu. Labarai a kan awa su ci minti 3, kanun labarai a rabin awa minti 1, yanayin sama da abin da jaridu ke cewa minti 2, sanarwar wasu shirye-shiryen tashar minti 2. An ci 8 ke nan. Idan za a sa kiɗa guda 10, kuma mai gabatarwa ya yi maganar minti ɗaya tsakanin kowane biyu, wasu minti 10 sun tafi. Saura 42. Raba 42 gida 10, kowane kiɗa ya tashi da minti 4 da 'yan daƙiƙoƙi. To, simfoni na biyar na Beethoven, wato dogon kiɗa mai babobi da babbar ƙungiyar makaɗa ke kaɗawa, ya haura minti 30. Na tara ya wuce awa guda. Konceton fiyano na biyu na Rachmaninoff, inda mai fiyano ke gaba ƙungiyar makaɗa na mara masa baya, wanda ya sha zuwa na ɗaya a zaɓen Hall of Fame da Classic FM ke yi duk shekara tun 1996, shi ma ya haura rabin awa. Babu yadda za a yi waɗannan su shiga ramin minti 4. Shi ya sa ake ciro babi ɗaya daga cikin uku ko huɗu a sa, a bar sauran.

Me ya sa dole sai guda 10, ba 4 ba? Amsar tana wurin masu ƙirga masu sauraro. Hukumar RAJAR, wadda BBC da tashoshin 'yan kasuwa suka mallaka tare, ita ke fitar da alƙaluma duk wata uku. Ginshiƙin ƙirgarta shi ne littafin mako da ake ba mutane su cike, an raba shi kwata-kwata na awa, kuma minti 5 a jere sun isa a lissafa mutum cikin masu sauraro. Mai shirin safe ya san mutanensa ba zaune suke ba. Wannan yana wanka, wancan yana shirya yara, wani yana neman makullin mota. Tsoron furodusa shi ne mutum ya kunna rediyo ya faɗo tsakiyar wani dogon babi mai sanyi, bai san mene ne ba, bai san ƙarfe nawa ba, ya murɗa zuwa wata tasha. Saboda haka ake so kowane ɗan lokaci a ji murya, a faɗi lokaci, a faɗi sunan tasha, don in ya zo cike littafin ya tuna inda yake. Rabin surutun da ake kuka da shi daga wannan tsoro ya fito.

A nan nake rabuwa da masu tsattsauran ra'ayi da ke cewa haramun ne a sa babi ɗaya. Tarihi bai goyi bayansu ba. A wani taron kiɗa da Mozart ya yi a birnin Biyana (Vienna) a 1783, da kansa ya raba simfoninsa na Haffner, ya buɗe taro da wani sashe ya rufe da babin ƙarshe. Da aka fara kaɗa simfoni na bakwai na Beethoven a Disamba 1813, jama'a sun matsa sai da aka maimaita babi na biyu nan take. Al'adar zama tsit daga farko har ƙarshe daga baya ta kafu. Kuma wanda ke da minti 20 kafin ya fita aiki bai yi zunubi ba don ya ji babi ɗaya.

Amma yanka ma akwai gwani akwai ɗan koyo. Wasu ayyukan an ɗinke babobinsu ta yadda ba gaɓar da wuƙa za ta shiga. A simfoni na biyar na Beethoven, babi na uku yana lafawa ne a hankali, ya tattaro ƙarfi, ya faɗa cikin na huɗu ba tare da tsayawa ba. Wanda ya fara daga na huɗu ya ba mai sauraro ihun nasara ba tare da ya ga yaƙin ba. A konceton goge na Mendelssohn, da babi na farko ya ƙare, wata algaita mai kaurin murya da ake kira basun takan riƙe sauti guda ta miƙa shi cikin babi na biyu. In aka tsaya a nan, ko dai a datse sautin ko a dusashe shi da hannu, kuma duk mai kunne zai ji an yi ɓarna. Irin wannan ne masu ƙorafi ke kira gutsuren nama mai jini, kalmar da suka gada daga masanin kiɗa Donald Tovey. A kan wannan ina tare da su ɗari bisa ɗari.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba dole a cikin lamarin. Rumbun kiɗan nan cike yake da ayyukan da aka haife su gajeru, cikakku, masu kai da ƙafa. Domenico Scarlatti ya bar sonata 555 na hafsikod, kakan fiyano, galibinsu 'yan mintoci ne kowanne. Schubert ya rubuta waƙoƙi sama da 600. Bach yana da tagwayen nan 48 na share fage da fuga. Vivaldi ya bar konceto wajen 500, da yawansu babobi uku ne da ke ƙarewa cikin minti 10. Ga mazurka na Chopin, ga gajerun waƙoƙin coci na su Byrd da Tallis, ga kiɗan buɗe wasannin opera, irin na Figaro da bai kai minti 5 ba. Ga Samuel Coleridge-Taylor, wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne, ga Florence Price da aka tsinci tarin takardunta a wani gida da aka yi watsi da shi a jihar Illinois a 2009, ga Fela Sowande ɗan Najeriya da African Suite ɗinsa na kayan tsirkiya. Furodusa zai iya cika awa uku-uku na kowace safiya har shekara guda da cikakkun ayyuka ba tare da ya taɓa wuƙa ba. Abin da ke hana shi lalaci ne da tsoro: sanannen babi ba ya buƙatar bincike, kuma ba wanda zai kira ka ofis don ka sa shi.

Daga nan ne ƙorafin maimaitawa ke tasowa. Classic FM ba ta da laifi sosai a nan, don sana'arta ke nan. Mai talla yana biyan kuɗi ne don kunnuwa da yawa, kuma kunnuwa da yawa sun fi zama a kan abin da suka sani. Wanda ya buɗe ta ya san kasuwar da ya shiga. Radio 3 ce ba ta da wannan uzuri. An ba ta kuɗin jama'a ne don ta yi abin da kasuwa ba za ta yi ba. In safiyarta ta zama irin ta maƙwabciya, an cire talla kawai, to mai biyan lasisi yana da ikon tambaya me ya saya. Kuma kwaikwayon ba ya ma biya. Wanda ke son sanannun kiɗa da hira mai sauƙi yana da gidan da ya saba. Kamfanin Bauer ya gwada shiga tsakani da Scala Radio a 2019, da manyan sunaye irin su Simon Mayo, bai ja jama'a yadda aka yi fata ba, a 2024 aka sauya mata suna zuwa Magic Classical.

Sai batun magana. Ba yawanta kaɗai ke ɓata wa mutane rai ba, har da abin da ke cikinta. Akwai abubuwa huɗu da mai sauraro yake buƙata bayan kowane kiɗa: wane ne ya tsara shi, mene ne sunansa, su wane ne suka kaɗa, wane ne jagoran makaɗan. In babi aka ciro, a faɗi na nawa ne kuma daga ina. Wannan bai wuce daƙiƙa 15 ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a faɗi suna kafin kiɗa kawai, a manta da bayansa, alhali mutumin da ya fito daga wanka a tsakiya shi ne ya fi buƙatar sani. Bayan waɗannan, jimla ɗaya ko biyu masu amfani sun isa: ku saurari yadda sarewa za ta amsa wa goge a tsakiya, ko an rubuta wannan ne don bikin naɗin sarki. Abin da ke tayar wa mutane da hankali shi ne a riƙa gaya musu yadda za su ji. Wannan zai kwantar muku da hankali, wannan zai wanke muku zuciya. Mai sauraro yana da tasa zuciyar. Haka kuma yabo mara iyaka, kowane faifai abin mamaki, kowane makaɗi gwanin gwanaye. In komai zuma ne, harshe ya daina jin zaƙi.

Saƙonnin masu sauraro kuwa, mu da muka tashi da filin zaɓi sonka da gaishe-gaishe ba za mu ga abin tashin hankali ba don an karanta sunan wani a rediyo. Amma akwai bambanci tsakanin saƙon da ke ƙara wani abu da wanda ke cin lokaci kawai. Mutumin da ya rubuto cewa ya taɓa rera wannan waƙa a cocin garinsu, kuma ga wurin da mawaƙa ke yawan tuntuɓe, ya ba kowa wani abu. Wanda ya rubuto cewa karensa yana son Mozart, ko yana shan shayi a lambu, shi kaɗai ya amfana. Tace saƙo aikin furodusa ne, shi ke zaune gaban allon da suke shigowa. Radio 3 tana da misalin shigar da jama'a mai ma'ana a cikin wannan shiri na safe, wato gasar waƙar Kirsimeti, inda masu sauraro ke tsara wa baitoci kiɗa, ƙwararrun mawaƙa su rera waɗanda suka yi fice, jama'a su zaɓa. Wannan shigar da mutane ne cikin kiɗan kansa.

Akwai wani ƙorafi da mutane ke yi ba tare da sun san sunansa ba. Sukan ce mai gabatarwa yana yi musu ihu, ko ya faɗo musu a ka. Sau da yawa matsalar ta injiniya ce. Kiɗan kilasik yana da tazara mai faɗi tsakanin raɗa da tsawa. Boléro na Ravel yana farawa da 'yar ƙaramar ganga da ƙyar ake jin ta, ya ƙare bayan kusan minti 15 da dukkan makaɗa a kan ƙarfinsu. A kicin da butar lantarki ke tafasa, ko a mota a kan babbar hanya, farkon ɓacewa yake. Mai sauraro sai ya ƙara murya. Da kiɗa mai sanyi ya ƙare aka buɗe makirfo, sai muryar mai gabatarwa ta fito kamar aradu. Maganin da tashoshi ke yi shi ne na'urar matse sauti, ta ɗaga na ƙasa ta danne na sama. Classic FM an san ta da matsewa sosai, shi ya sa take jiyuwa a mota. Kuɗin da ake biya shi ne kiɗan yakan zama shimfiɗaɗɗe, hawan da mai tsara shi ya gina ya baje. Radio 3 ta fi sassauta hannu, saboda haka ta fi fuskantar wancan tsalle tsakanin kiɗa da magana. Gyaran ba mai wuya ba ne: bayan kiɗa mai sanyi a shigo da murya ƙasa-ƙasa, a ɗaga ta a hankali cikin jimla ta farko, kuma kada a biyo shi da sanarwar shiri da aka riga aka ɗauka da ƙarfi.

Ga kuma shirun ƙarshe. Faifan da aka ɗauka a babban coci, bayan sautin ƙarshe amon yakan ci gaba da yawo na wasu daƙiƙoƙi kafin ya mutu. Wannan amo cikin kiɗan yake. Mai gabatarwar da ya buɗe baki a kansa ya yanke wutsiyar aikin. Ƙa'idar mai sauƙi ce, a bar amon ya mutu, a ƙirga biyu a zuci, sannan a yi magana. Abin da ke hana bin ta agogo ne. Labarai ba sa jira, don haka furodusa yana lissafi daga baya: in kiɗan ƙarshe minti 6 da daƙiƙa 20 ne, dole ya tashi a daidai lokacin da zai ƙare kafin kan awa. In an yi sakaci da daƙiƙa 30 a hira ta baya, to a kan wutsiyar wani kiɗa za a fanshe su. Wani ƙaramin abu kuma da ƙwararru ke lura da shi: makaɗan da ke amfani da kayan zamanin da sukan ɗaure kayansu a kan sautin da ke girgiza sau 415 a daƙiƙa, na zamani a kan 440 ko sama kaɗan, tazarar kusan rabin mataki. In aka jera faifan wannan da na wancan ba magana a tsakani, kunne zai ji kamar ɗaya ya karkace. A irin wannan wuri maganar mai gabatarwa tana da aiki, tana wanke kunne.

To, ina matsayin mai gabatarwa a duk wannan? Yana da nasa kason, ba a ce babu ba. Petroc Trelawny, wanda ya riƙe safiyar Radio 3 daga 2011 zuwa 2025, shi ma daga Classic FM ya fito tun farkon kafa ta, kuma a kansa aka sauke fushin sauye-sauyen 2011. Da tafiya ta yi tafiya, da yawa daga masu sukar suka saba da shi, har tafiyarsa zuwa shirin yamma na In Tune ta zama abin jimami. Muryarsa ba ta sauya ba. Tsarin da ke kewaye da shi ne aka gyara, shi kuma ya samu sarari ya yi abin da ya iya, wato magana a natse da sanin wurare da tarihi, da ɗan abin da mutane ke jira kullum kamar kiɗan Bach kafin ƙarfe bakwai. Tom McKinney da ya gaje shi, yana gabatarwa daga garin Salford da ke kusa da Manchester, makaɗin jita ne kuma masanin tsuntsaye. Classic FM kuwa a farkon 2024 ta ɗauko Dan Walker, wanda aka sani da shirin ƙwallon ƙafa da na safiyar talabijin. Zaɓin biyu ya nuna abin da kowace tasha ke nema: ɗaya tana son wanda ya san kiɗan daga ciki, ɗaya tana son fuskar da jama'a suka riga suka sani.

Ba na cikin masu cewa sai mai digiri a kiɗa zai yi wannan aiki. Abin da ba a yafewa shi ne rashin shiri. Sunayen Jamusanci da Rashanci da na ƙasar Cek suna da wuyar faɗa, kuma BBC tana da sashe na musamman da ke koya wa ma'aikata lafazin sunaye, saboda haka wanda ya kira Dvořák yadda aka rubuta shi bai tambaya ba ne. Haka wanda ya karanta bayanin da aka miƙo masa ba tare da ya saurari faifan ba, za ka ji yana cewa kiɗa mai sanyaya rai, sai ga ganguna da ƙahoni sun ɓarke.

Tun da BBC ta buɗe Radio 3 Unwind a 2024, kafa ta daban a intanet don masu neman kiɗan hutawa da kwantar da hankali, hujjar cusa irin wannan a shirin safe ta ragu. Masu son sa suna da wurin zuwa. Abin da zan nema daga shugabannin tashar bai fi ƙarfinsu ba. A kowace awa a ware rami ɗaya na minti 12 zuwa 15 don cikakken aiki, konceton Vivaldi ko sonatar Haydn daga farko har ƙarshe, a sa shi bayan kanun labarai na rabin awa inda ba abin da ke jiran katse shi. A rage sanarwar shirye-shirye zuwa ɗaya a awa. A hana yanka duk aikin da babobinsa suke a ɗinke. In aka yi haka adadin kiɗa zai sauko daga 10 zuwa 7 ko 8, hira biyu ko uku ta faɗi da kanta, mintocinta su koma wa makaɗa.